Kwaɗon Tumatir da Awara Mai Laushi

Daga tsakiyar Janairu zuwa ƙarshen Maris tumatir ne ke mulkin kasuwa a kudancin Katsina. Wanda ya bi hanyar Funtua zuwa Bakori da Malumfashi, ko ya ratsa ƙauyukan Danja a wannan lokaci, zai ga kwanduna jere a bakin titi, 'yan dako suna loda wa manyan motocin da za su kwana a hanya kafin su kai kasuwar Mile 12 ta Legas. Tumatirin noman rani ke nan, wanda ya sha ruwan fadama da na madatsu irin su Mairuwa da Gwaigwaye. Sanyin daren hunturu da hasken ranar yini su ne abin da tumatir ke so. Furensa ba ya zubewa, 'ya'yan suna nuna a hankali, su tara zaƙi, tsokarsu ta yi kauri. Shi ya sa a ƙasarmu damina, wadda ita ce lokacin kusan kowane amfani, ba ta yi wa tumatir daɗi. Da ruwa ya zauna cuta ta kama ganye, kuɗin kwando ya hau, sai uwargida ta koma wa kauɗa da na gwangwani.

A cikin waɗannan watanni na araha ake cin wani abinci da na daɗe ina ganin bai samu yabon da ya kamace shi ba, wato kwaɗon ɗanyen tumatir da awara mai laushi. Awarar da kowa ya sani ita ce soyayya, wadda ake sayarwa da yamma a ƙofar gida da bakin makaranta, a barbaɗa mata yaji, a ɗora kabeji da albasa. Amma kafin a kai ga kasko, mai awara takan yanki wani ɓangare tun yana da ɗumi ta ajiye wa mutanen gida, kuma da shi ake wannan kwaɗo. Kayan haɗinsa ana ƙirga su da yatsu: tumatir, albasa, awara, ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, gishiri da ɗan attarugu. Babu miyar da za ta rufa wa mai girki asiri, babu doguwar dahuwar da za ta gyara mata kuskure. In awarar ta yi tsami harshe zai ji, in tumatirin ya gaji ido zai gani, in aka yi gaggawar zuba gishiri kwano ya cika da ruwa. Matan da suka iya shi a Funtua da Malumfashi da Ƙafur da Dandume ba su da ma'auni ko agogo. Ido da hanci da yatsa suke aiki da su, kuma sukan dace kusan kullum.

Awarar waken suya ba tsohon abinci ba ne a ƙasar Hausa. Cukun da kakanninmu suka sani na madara ne. Buzaye da Fulanin Nijar suna yin nasu fale-fale, su shanya shi ya bushe, ya yi tafiya har kasuwannin Maraɗi da Katsina. Fulanin da suka zauna can wajen Kwara da ƙasar Yarabawa da arewacin Binin kuwa nasu mai laushi ne: su ɗora sabuwar madara a wuta kaɗan, su zuba mata ruwan tumfafiya, wannan shuka da ke fitowa a kowane juji, sai madarar ta kama ta ware daga ruwanta. Waken suya kuwa ya daɗe a hannun Tibi na Binuwai, suna noma shi ana fita da shi waje tun zamanin Turawa, yawancin 'yan ƙasa ba su ɗauke shi abinci ba. Mutanen Sin sun fi shekara dubu suna kama madararsa ta zama cuku. Daga shekarun 1980 ne cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan da abokan aikinta suka dage wajen koya wa mata sarrafa shi, aka kwaikwayi yadda ake yin na madarar shanu, abin ya karɓu, ya hauro arewa.

Ya kuma tarar da ƙasa a shirye. Shirin bunƙasa noma na Funtua, wanda aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe, ya watsa takin zamani da sabon irin masara a wannan yanki da a da aka fi saninsa da auduga da dawa. Masara tana cin ƙasa, waken suya yana mayar mata da ƙarfi, yana kuma rage wuta-wuta. Da manoma suka gane haka sai suka riƙa yi musu karɓa-karɓa a gona. Wake ya yawaita a kasuwar Dandume da ta Funtua, ya shiga hannun matan cikin gida, su kuma suka mayar da shi sana'a.

Aikin yana farawa tun jiya. A auno tiya guda, a tsince tsakuwa da ruɓaɓɓen ƙwaya, a wanke, a jiƙa. A cikin hunturu ruwa yana da sanyi, wake sai ya kwana a ciki kafin ya jiƙu. Da zafin Afrilu kuwa awoyi kaɗan sun isa, in aka bar shi ya kwana sai ya fara tsami tun kafin a markaɗa, kuma madarar waken da ya yi tsami takan tsinke da kanta a tukunya ta ba da awara 'yar kaɗan. Gwana takan ɗauki ƙwaya ɗaya ta raba ta biyu da farce. In cikin ya yi sumul, launinsa ɗaya daga gefe zuwa tsakiya, ya jiƙu. In akwai ɗan rami mai duhu a tsakiya, da saura. Daga nan a murje ɓawon, a tsiyaye, a ɗiga ɗan manja, a aika inji. Manjan yana kwantar da kumfa, yana kuma ba awarar wannan launi na ruwan ƙwai. Saƙon da ake ba yaron aike ɗaya ne a kowane gida: a ce wa mai inji ya wanke injinsa tukuna, kuma ya markaɗa ya yi laushi. Injin da ya gama markaɗen kayan miya ko gasara zai bar tsami a ƙullun, ya ɓata aikin yini guda.

Tata aikin ƙarfi ce. A ƙara ruwa a ƙullun, a juye a ƙyallen tata, a murɗa, a matse, a sake zuba ruwa a matse, har ruwan da ke fita ya fara tsinkewa. Dusar da ta rage ba a zubar da ita, ta tumaki da awaki ce, kuma ragunan layya da yawa a wannan yanki da ita suka yi ƙiba. Madarar sai a ɗora ta a babbar tukunya wadda ba ta cika ba, domin madarar waken suya ba ta da amana a kan wuta. Tana kwance shiru, kafin ka juya baya ta taso ta zube a murhu. Dole a tsaya a kanta, ana kwashe kumfa, ana janye itace in ta taso. Dole kuma a bar ta ta tafasa sosai. Ɗanyen waken suya yana ɗauke da wani sinadari da ke hana ciki narkar da abinci yadda ya kamata, kuma wuta ce ke kashe shi, ita ce kuma ke kore gafin wake. Wadda ta yi rowar itace a nan, masu cin awararta za su yi ƙorafin kumburin ciki.

Sai a zo wurin da ake bambanta gwana da mai koyo, wato zuba ruwan tsami.

Na taɓa tsayawa a tsakar wani gida a bayan tashar jirgin ƙasa ta Funtua ina kallon wata dattijuwa tana koya wa jikarta. An janye itacen, tafasar ta kwanta, tururi kawai ke tashi. Yarinyar ta ɗebo ruwan tsami a kofi ta zagaya bakin tukunyar da shi siriri, kamar yadda aka nuna mata, ta sa ludayi ta juya sau ɗaya a hankali. Madarar ba ta nuna alamar komai ba. Ta sake ɗebowa.

"Inna, in ƙara?"

"Dakata, 'yar nan. Ba ta amsa ba tukuna."

Can sai saman ya fara tsagewa. Farin ya soma haɗuwa gungu-gungu yana tasowa, kamar audugar da aka zazzage daga buhu a ranar awo. Yarinyar ta yi murna ta miƙa hannu ga matsami. Dattijuwar ta riƙe mata wuyan hannu.

"Ruwan za ki duba. Kin ga har yanzu fari ne? Akwai sauran awararki a cikinsa. Ɗiga kaɗan ta can gefen."

Ta ɗiga. Ba a jima ba ruwan da ke tsakanin gungun ya washe, ya koma garau, ruwan ɗorawa-ɗorawa, ana hango gindin ludayi ta cikinsa. "To, yanzu ta amsa," in ji tsohuwar.

Abin da ke faruwa a tukunyar shi ne, sinadarin gina jiki da ke cikin waken, wanda ya haura kashi ɗaya cikin uku na nauyin busasshiyar ƙwaya, yana yawo ne a warwatse cikin ruwa. Zafi yana buɗe shi, tsami kuma yana sa ya manne da juna ya kama mai da ruwa a tsakaninsa. In tsamin ya gaza, wani kaso ya rage a ruwa a zubar da shi, an yi asara. In ya zarce, gungun ya tsuke ya fitar da ruwan da ya riƙe, awara ta fito da tauri, tana gari-gari a baki, ga tsami. Tazarar da ke tsakanin biyun ba ta fi rabin kofi ba. Dalilin da ya sa ba za a iya rubuta ma'auni a takarda ba kuwa shi ne, ruwan tsamin kansa ba ya zama ɗaya. Na gasarar kamu da ya kwana biyu ya fi na jiya ƙarfi, na lokacin zafi ya fi na hunturu, ruwan awarar da aka ajiye ya yi tsami shi ma da nasa hali. Waken bana ya fi na bara ba da madara. Duk wannan lissafi mai awara tana yin sa ne a tsaye, da kofi a hannu, cikin hayaƙi.

Wasu suna jiƙa tsamiya su tace, wasu lemun tsami, wasu kuma alam ko gishirin lalle saboda sauri. A nawa ɗanɗanon, awarar kwaɗo ta ruwan gasara ce ko ta tsamiya. Ta tsamiya takan ɗan yi duhu, amma tana da wani ɗanɗano da ke tafiya da tumatir. Ta alam tana kamawa da wuri, ta yi kyan gani, sai dai takan bar ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe, wanda suya ke ɓoyewa amma kwaɗo ba ya ɓoyewa.

Matsa ma iri biyu ce. Awarar suya ana ɗaure ta tam a ƙyalle ko buhu, a ɗora mata dutse ko turmi ta daɗe, don ta yi ƙarfin da za ta jure kasko ba ta fashe ba. Ta kwaɗo kuwa sai a kwashe ta daban tun farko, a barbaɗa gishiri kaɗan a cikinta tun tana da zafi, a ɗaure sako-sako, a ɗora mata kwano mai ruwa na ɗan lokaci. Ana gwada ta da yatsa: in aka danna ta lotsa ta dawo a hankali, ta yi. Wuƙa za ta ratsa ta ba ta wargaje ba, amma a baki narkewa take yi. Masu son ɗan ƙamshin suya sukan gitta ta a mai, bayanta ya yi ja kaɗan, cikinta yana nan fari. Ni na fi son ta yadda ta fito.

Tumatirin kuma ba kowanne ba. Yawancin wanda ake lodawa zuwa kudu irin su UTC ne da Roma, masu taurin fata, kuma ana tsinkarsu tun ba su gama nuna ba don su jure kwana biyu a mota. Irin wannan zai yi ja a kwando, amma zaƙin da bai tara a jikin uwarsa ba ba zai same shi a hanya ba. Sa'ar mutumin Danja ko Bakori ita ce yana iya samun wanda ya nuna a gona, aka tsinko da safe. Mai kwaɗo takan ɗauka ta auna a tafin hannu ta ji nauyi, ta shinshina wajen hancinsa. Tumatirin kirki yana da ƙamshin ganyensa a wurin. Wanda ya fashe ko ya fara laushi a gefe, wanda ake tarawa a sayar da araha don miya, ba ya shiga kwaɗo ko kusa, domin babu wutar da za ta kashe abin da ya shiga cikinsa. Ba a kuma sa shi a firji kafin a yanka. Sanyi mai yawa yana kashe ƙamshin tumatir, ya mayar da tsokarsa gari.

A nan ina so a ji ni da kyau, domin abin ya shafi lafiya. Ɗanyen abu ne za a ci, kuma manoman rani suna feshin maganin ƙwari sosai. A wanke tumatir tun yana ɗungurungum, da ruwa mai tsabta, a murza fatar da hannu, a sake ɗaurayewa da ruwan gishiri, a bar shi ya tsane kafin wuƙa ta taɓa shi. Wanke shi bayan an yanka zubar da daɗinsa ne, kuma hanya ce ta shigar da datti ciki. Gidajen da suka iya kwaɗo su ne za ka ga sun fi kowa tsanani a kan wannan.

Wuƙar ta kasance mai kaifi, don dakusasshiya matse tumatir take yi. A yanka manya-manya, daidai loma. Ga wata dabara da na gani a Malumfashi, wadda ta burge ni ƙwarai: a yanka tumatirin a kan faranti mai ɗan zurfi, a tsiyaye ruwan da ya fita da 'ya'yan cikin wani ƙaramin kwano, da wannan ruwan ake dama ƙuli. Mai gaggawa da ruwan randa take damawa, kwaɗonta ya fito salam. Wadda ta dama da ruwan tumatirin kuwa ta mayar wa kwanon abin da ya fita daga cikinsa, ga ɗan tsamin da ke tada ɗanɗanon gyaɗa.

Ƙulin shi ma sai an ɗanɗana kafin a daka. Wanda ya daɗe yana da wari da ɗaci, mai sukari kuma na ci ne da baki, bai dace da kwaɗo ba. A daka shi da ɗan attarugu ko barkono, kada ya zama gari lilis, a bar masa ɗan tsaki-tsaki da haƙori zai samu, tunda awara da tumatir duka masu laushi ne. Man gyaɗar a soya shi da 'yar albasa don gafinsa ya fita, a sauke ya huce sarai, don mai zafi yana dafa tumatir. Man nan yana da amfani bayan daɗi: sinadarin da ke sa tumatir ja, wanda likitoci ke yabawa, jiki ya fi ɗaukarsa in akwai mai a tare. Albasa a yanka ta siriri, a jiƙa ta cikin ruwan gishiri kaɗan ta rage yaji, a matse.

Haɗawa ba ta ɗaukar lokaci, amma tana da tsari. Damammen ƙuli da mai su fara haɗuwa. Sai albasa, sai tumatir. In lansir ya shigo kasuwa, kuma lokacinsu ɗaya da tumatirin rani, a yanka kaɗan a zuba, ɗan zafinsa yana ɗaga kwanon gaba ɗaya. Wasu latas suke sawa ko kokwamba, wasu ganyen ɗoɗɗoya biyu-uku daga bayan ɗaki. Gishiri ne na kusa da ƙarshe, domin da ya taɓa tumatir yake fara jan ruwansa. Awara ce ta ƙarshe, kuma daga nan ba a sa cokali. A riƙe kwanon da hannu biyu a girgiza shi, a ɗan watsa sama, har ƙulin ya lulluɓe kowane yanki ba tare da ya farfashe ba.

Mutanen Italiya suna da irin wannan abinci da suke alfahari da shi, wanda aka sa wa sunan tsibirin Kafiri: yankan tumatir, da farin cuku mai laushi na madarar ɓauna ko saniya, da ganyen dangin ɗoɗɗoya, da man zaitun. Ana cin sa a manyan otal-otal na duniya da tsada. Su ma ƙa'idarsu ita ce tumatir ya nuna a gona, cukun ya zama na ranar. Tumatir baƙo ne a wurinsu kamar yadda yake a wurinmu, daga nahiyar Amurka ya fito. Bambancin da nake gani shi ne, mai haɗa nasu sayo cukun take yi a shago, tamu kuwa ita ta jiƙa waken, ta tace, ta kama madarar da hannunta, sannan ta zo ta yi haɗin. Ƙulin ma sau da yawa daga gidan maƙwabciyarta ya fito.

Shekarar 2016 ta nuna wa mutane darajar wannan kwano. A shekarar ne tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Katsina da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan lamarin, kamfanin tumatir na Dangote da ke Kadawa ya tsaya saboda rashin kayan aiki. Miya ta samu mafita a kauɗa da gwangwani. Kwaɗo bai samu ba, domin babu abin da ke maye gurbin ɗanyen tumatir. Haka yake a kowace damina: gwanaye ba sa tilasta shi. Sukan koma kwaɗon zogale da rama da tafasa, su jira rani. Yanzu kuma ga matsalar tsaro da ta hana manoma da yawa a wajen Faskari da Sabuwa da Dandume zuwa gonakinsu cikin kwanciyar hankali, kuma duk tiyar waken da ta ƙara kuɗi, mai awara ce ke fara ji a jikinta.

Da wannan sana'a mata da yawa a cikin kulle suke zuba adashi, su yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki, su sayi littafi da sabulu ba su jira maigida ba. Abin da ke damuna kawai shi ne yarinyar da ake ɗora wa tallar a lokacin da ya kamata tana aji. Gidajen da suka mayar da ciniki ƙofar gida bayan an tashi makaranta sun nuna ana iya haɗa biyun, kuma yarinyar da ta koyi karanta ruwan tukunya tana da ƙwaƙwalwar da za ta karanta komai.

Kwaɗon nan ba ya jira. Da an haɗa a ci, kafin rabin awa tumatirin ya saki ruwa, ƙulin ya jiƙe. Awarar da ba a soya ba ita ma ba ta kwana a zafinmu, in ba a cinye ta a ranar ba sai a yanka ta a soya da yamma. Don haka mai hankali takan tambayi yawan masu ci kafin ta ɗauki wuƙa, ta yanka daidai bakinsu, sauran tumatirin ta bar shi ɗungurungum a inuwa.